Na Je Damagaram Neman Faɗuwar Idi Taɓarya

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Maradi, ni da wani maƙwabcina mai akwalar mota. Shi kaya zai kai Damagaram, ni kuwa fushi ne ya ɗauko ni. In gaya muku tun yanzu, jama'a, ba yawon buɗe ido na je ba.

Ɗan kawuna, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam, don ya koyar a lakwal, makarantar boko, kafin ya samu kujera a Yamai, shi ya tashi rubuta tarihin gidanmu. Ya aiko mu duba kafin a kai wurin bugawa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane inda aka cuce ni. Wani kakan kakanmu da ya yi fatauci da raƙuma ya samu shafi guda cur. Kakanmu Idi Taɓarya, wanda ya haifi uwata ya haifi uban Mushen, layi ɗaya tak: wai ya yi sana'ar nama a unguwar Zango ta Damagaram. Dambe kuwa ko alamarsa. Na buga masa waya. Ya ce, "Haba taubashi, me za a rubuta? Mutumin da soja ya shimfiɗe a gaban gari, ya kwashi iyali ya gudu Maradi? Asirinsa na rufa."

Inna na jin mu. Tun tana 'yar ƙarama ake mata gori da 'yar wanda soja ya shimfiɗe, kuma ubanta har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki kan maganar ba. Ta ce mini, "Je ka tambayo mini. In faɗuwa ya yi, in sani kafin in bi shi."

A Tasawa muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin haƙori ya san an sa wani abu, kuɗin kuwa ya ƙi ramewa tare da shi. Hanya wani wuri sumul, wani wuri faci kan faci kamar wandon makanike. Daf da Tirmini motar ta ɗau zafi, muka tsaya tana huci. An gama girbi, dammunan gero jingine ko'ina, mata na sussuka. Na tambayi wasu dattawa a gindin gawo ko sun taɓa jin Idi Taɓarya. Ɗaya ya ce sunan ya yi masa kama da na wani mai gyaran keke. Na yi godiya na tashi, don in na zauna zan faɗi abin da ba a gaya wa dattijo.

Da hantsi ya ɗaga muka ga duwatsun Damagaram. A Zango 'yan kabu-kabu sun fi mutanen da za su ɗauka yawa, kowa na danna maka oda a kunne kamar ka ci masa tuwo. Na bi kwatancen Inna har gidan da aka haife ta. Zauren an fasa shi, an yi shagon sayar da wayoyi. Mai shagon ya ce shi haya yake yi, ya kuma tambaye ni ko ina son caja.

Mahauta ne suka karɓe ni kamar mutum. Da na faɗi sunan kakana, wani tsohon mahauci ya ajiye wuƙa, ya sa aka kawo mini balangu mai zafi, ya hana ni sa hannu a aljihu. Ya ce shi labari ya ji, kuma abin da ya ji shi ne Taɓarya ya faɗi. Amma wanda ya gani da ido saura mutum ɗaya, makaɗinsa, yana can Hamdara in rai bai yi halinsa ba.

Na kwana gidan wani abokin maƙwabcina, Kirista ne, tsohon ma'aikacin asibiti. Matarsa ta yi mana tuwon gero miyar kuka da man shanu, ta ƙara mana da alkaki. Tuwon nan shi ne abu na farko a tafiyar da bai ba ni haushi ba.

Washegari na shiga mota zuwa Mirya, inda rake ya fi ruwan sha araha, daga nan kabu-kabu ya ja ni cikin rairayi har Hamdara. Sau biyu muka sauka muka tura. Na tarar da makaɗin a zaure yana ɓarar gyaɗa da lalube, ido ya tafi, baki ba haƙori. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya ce in miƙo hannuna na dama. Ya shafa, ya matsa, ya sake.

"Jikan Taɓarya da wannan hannu? Kai tela ne?"

Na ce, "Walda nake yi, Baba."

"To, da sauƙi."

Ga abin da ya gaya mini. Shekarun nan ne na dab da samun 'yancin kai, lokacin kakana ya zagaye ƙasar Damagaram kaka bayan kaka ba wanda ya kai shi ƙasa. Nasara na da wani bikinsu da suke yi tsakiyar damina, sa'ad da ba mai hankalin da ke dambe, kowa na gona. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana da wani soja, baƙin mutum kamar mu, wanda ya koyi damben Turawa a bariki, yana son ya gwada shi. Aka aika gardi, dogaran Nasara, suka ɗauko kakana daga gona da laka a ƙafa. Aka kewaye fili da igiya. Aka hana shi naɗa kara a hannu, aka cire masa layu, aka cusa masa safar hannu biyu masu kama da matashin kai. Makaɗa aka tsayar da su bayan igiya. Tafinta ya saurari dogon Faransanci, ya juyo ya ce da Hausa, "An ce ku buga." Shi ke nan bayanin.

Tsohon ya ce, "Naushi ɗaya, ɗana. Sojan ya tafi ƙasa, gwiwa da hannu har da ƙeya."

To ku da kuka san damben gargajiya kun san sauran. A wurinmu ko yatsan mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, ba a dukan wanda ya faɗi, ba a kuma jiran ya tashi. Kakana ya juya baya, ya ɗaga hannu, ya nufo makaɗinsa yana takawa, shi kuma yana zuba masa takensa. Wani Bature ya sunkuya kan sojan yana lissafi da yatsu. Mutanenmu a zatonsu duba shi yake ko da sauran numfashi. Ashe a wasan Turawa in ka tashi kafin a ƙirga goma, dambe na nan.

Tsohon ya ce, "Ina ganin sojan ya miƙe ya taho. Na saki kalangu na yi kururuwa. Fili ya ɗauka da sowa, wa zai ji ni?"

Ta bayan kunne sojan ya sami kakana. Muƙamuƙi ya goce. Aka ƙirga masa goman da bai san da ita ba, aka ɗaga hannun soja.

Na ce, "Baba, gari guda ya ga wannan. Ya aka yi labari ya koma soja ya shimfiɗe shi?"

Ya ce manya na zaune kan kujeru kusa da kumandan, kumandan ya tafa, suka tafa. Abin da manya suka tafa wa, shi yara ke ɗauka su kai gida. Kakana kuwa ya ƙi cewa uffan, don ɗan damben da ya faɗi ya tsaya bayani, sau biyu ya faɗi. Da aka samu 'yanci an aika har Maradi ya zo ya yi wasa a bikin, ya ce hannun da aka kwance masa da ƙarfi ba zai sake naɗa shi don a yi kallo ba.

Wallahi ban ji haushin sojan ba. Wasansa ya yi, yadda aka koya masa. Waɗanda suka cika mini ciki su ne masu kujerun nan da suka san dambe sarai, suka ga wanda ya fara faɗuwa, suka tafa. Su da tafintan da ya haɗiye bayani.

A hanyar dawowa na sake kiran Mushe na zayyana masa komai. Ya ce labari ne mai daɗi, amma maganar tsoho makaho ba hujja ba ce, kuma an riga an tsara shafuka. Na ce masa ai masu tafin ba su mutu ba, sun dai haifi 'ya'ya sun sa su lakwal. Ya kashe waya. Littafin zai fito yadda ya so, na sani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In kana da tsoho da ya san labarin gidanku, tashi ka je yau, kada ka jira mai takarda ya yanke maka kakanka daidai tsawon da ba zai ba shi kunya ba. Kuma kada ka shiga filin da wani ya kewaye da igiyarsa sai ka tambayi inda wasan ke ƙarewa.

Da la'asar sakaliya na isa gida. Inna na kan tabarma, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Ya faɗi?"

Na ce, "Ya faɗi, Inna."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago, 'yar ɗan dambe, ta yi tambayar da Mushe da duk karatunsa bai yi ba.

"Wa ya fara taɓa ƙasa?"

"Sojan."

Ta dafa bango ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Muryar ta karye a tsakiya, ta ja numfashi ta sake. Maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.