Zauren Kawu Jibo da kwanon Inna Hansai

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Jibo ya san ba ya sakin hannu. Ka miƙa masa da niyyar sannu da aiki, sai ya damƙe wuyan hannunka, yana tambayar mutanen gida yana tafiya da baya-baya, kafin ka gama cewa lafiya lau ka ga kanka a zaurensa. Sai ya nuna maka wani tsohon ƙarfe ya ce, "Taɓa mana, ba ya cizo." Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi, kuma hakan bai sa ya ɗaga mini ƙafa ba.

Wasunku a tsakiya kuka tarar da abin, to ga farkonsa. Wata shekara ya kai tumatir birni, ya shiga wani gidan tarihi don ya fake wa rana. Can ya ga galma irin ta mahaifinsa a rataye. Ya kai hannu, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Kawu ya tambaya to me ake yi da ita, aka ce kallo. Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce galmar da aka hana a riƙe ta, an binne ta ke nan da ranta.

Washegari ya share zaure ya buɗe nasa gidan tarihin. Ya jera tsohon tiyon da muke jawo ruwa da shi daga kanal, da malfar kakanmu, da kwandon tumatir marar gindi, da injin ban-ruwan da ya mutu tun ina goye. Doka biyu ya kafa. Sai ka taɓa komai. Sannan kafin ka fita, sai ka tsoma hannu a laka ka manna a bango.

Lakar ce ta jawo magana, domin a kwanon jeren matarsa, Inna Hansai, ya kwaɓa ta, mai furen nan da ta zo da shi daga gidansu a Madobi. Inna ta ce ya dawo mata da kwanonta. Kawu ya ce zai dawo da shi ranar da ta sa hannunta a bango. Ta ce za ta sa ranar da kwanon ya koma ɗakinta. A nan suka tsaya, suka yi furfura a kai. Gidan kuwa ƙofarsa ɗaya ce, sai ta zauren. Kun sha ganin Inna za ta unguwa, hannuwa a dunƙule cikin mayafi, tana tsallake abubuwan da yake gindaya mata a hanya da gangan. Ko gefen zaninta bai taɓa goga wa kwandon nan ba.

Ya bar mata wuri a tsakiyar bango, ya hana kowa. Nasa hannun ma ba ya bangon. In aka tambaye shi sai ya ce ba zai riga ta ba.

Akwai ranar da akuyar maƙwabcinmu Baba Tanko ta shiga zauren, mai ita yana coci, ta cinye rabin malfar kakanmu. Baba Tanko ya zo ba da haƙuri, ya tarar da Kawu yana murna. Kawu ya ce tun da ya buɗe wurin, ita ce baƙuwa ta farko da ta shigo ba a ja ta ba, kuma ta gane abin da ake nufi. Dokar fita kawai ta rage mata. Su biyu, dattawa, suka kama akuya suka tsoma ƙafarta a laka suka manna. Sai ya zamana kofaton ya sauka daidai gefen shaidar hannun limamin unguwa. Liman ya yi magana a hankali, ko za a ɗan matsar da shi. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, bangon nan ba shi da sahun gaba."

Sai kuma aka sace injin. Masu sayen tsohon ƙarfe muka zarga, amma ba wanda ya gani. Muka ɗauka abin zai karya masa zuciya. Shi kuwa abin da ya dame shi kawai, ɓarawon ya taɓa kaya ya fita bai sa hannu a bango ba. Ya ɗebo toka ya zagaye wurin da injin yake, ya ce daga yau baƙo ne zai tayar da shi: ka durƙusa, ka ja igiyar da babu ita, ka yi ƙarar injin da bakinka. Mai unguwa da kansa bai tsira ba. Ya tattare babbar riga ya ja, ya yi ƙarar a kunyace. Kawu ya kasa kunne ya ce, "Bai tashi ba, ranka ya daɗe. Sake ja." Ya ja, ya sake ja, har tari ya sarƙe shi. Kawu ya ce, "Yauwa! Da tari yake farawa."

Shekarar da tumatir ya yi yawa motocin kudu suka ƙi zuwa, kun tuna yadda kwanduna suka ruɓe a bakin titin Kadawa. Magidanta suna zaune ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Kawu ya sa aka kwaso ruɓaɓɓen aka jibge a ƙofar zaure, ya ce duk wanda ransa ya ɓaci ya zo ya jefi bangon yamma. Da farko dariya aka yi masa. Kafin la'asar sai da aka yi layi. Na ga mutanen da ban taɓa jin sun ɗaga murya ba suna jifa suna kiran sunan dillali. Bangon ya yi ja, ƙudaje suka sauka a gidan har ba a ganin tuwo. Kawu ya ce a ƙyale su, su ma baƙi ne, kuma suna barin shaidarsu ba sai an roƙe su ba. Inna ta ƙarar da turaren wutarta kaf, kuma a ɗakinsa ta riƙa ajiye kaskon don ya san tana nan.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ina zaune gefensa ya ce in duba kada lakar ta bushe. Inna ta shigo da kunu, ya dube ta ya ce, "Ke, kwanonki yana nan fa." Ta ce ta san inda yake, wanda ya ɗauka shi zai dawo da shi. Ya yi dariya har kunun ya zube. Ita ta ɗauka zai tashi su ci gaba. Mu ma haka muka ɗauka.

Bayan an share makoki, babban ɗansa Sabo ya ce zai shafe bangon da siminti ya mai da zauren shagon taki da maganin feshi. Ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Amma na kasa haɗiye maganar, don haka na ce a bari a ji ta bakin Inna.

Da hantsi ta fito zauren cikin kayan takaba, hannuwa a waje. Ta daɗe tana duban bangon. Ta ce in ɗebo ruwa. Ta kwaɓa lakar da kanta, tana mitar cewa mutumin nan har ya koma ga Allah bai iya kwaɓi ba, kullum sai ya tsinka. Ta tsoma hannun dama ta manna a wurin da ya bar mata. Sannan ta tsoma na hagu ta manna kusa da shi.

Sabo ya ce, "Inna, ai hannu ɗaya ne dokar."

Ta ce, "Na dama nawa ne. Na hagu nasa. Wane aiki ya taɓa farawa a gidan nan ban ƙarasa masa ba?"

Na sunkuya zan ɗauki kwanon in wanke in kai mata ɗaki. Ta riƙe wuyan hannuna, irin riƙonsa.

Ta ce, "Bar shi nan. Shi ya ɗauka."

Sabo bai sake maganar siminti ba. A bakin titi ya kafa shagonsa. Zauren yana buɗe, lakar tana nan a kwanon, Inna ce ke ƙara mata ruwa.

Allah ya jiƙan Kawu Jibo, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci. Allah ya ba Inna Hansai haƙuri. Wanda kuma Kawu ya taɓa jansa da ƙarfi zuwa zauren nan, don Allah ya yafe masa, ya sa shi a addu'a.