Rubutun da Isyaku Bai Goge Ba

Duk mai hawa mota a tashar Wudil da safe ya san Isyaku Achika, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, kullum da jakar leda mai zif a hammata, yana tafiya yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Malamin lissafi ne a wata 'yar makarantar kuɗi da ke bayan kasuwa, irin wadda mai ita kan sallami malami ranar Litinin ya ɗauki wani ranar Talata. Da damina kuma yana noman gero da gyaɗa a gonar gadonsu ta Achika.

Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Hansai, kuma shi kaɗai ya yi boko a gidansu. Lokacin da mai unguwa ya matsa a sa shi firamare, uwar ta yi kukanta ta gaji, sannan ta yarda bisa sharaɗi guda. Ba ta kama sunansa, saboda kunyar ɗan fari, don haka ta kawar da kai ta ce, "Kai wannan, duk takardar da suka ba ka a can, kada ka taɓa ta sai ka sa sunan Allah a samanta."

Ya kuwa riƙe. Littafin makaranta, takardar gwaji, wasiƙa, har 'yar takardar da ake rubuta saƙon cefane, sai ka ga bisimilla da ƙananan haruffan Larabci a can sama ta hannun dama. Haka ya gama sakandare, haka ya gama kwalejin horon malamai, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Da tafiya ta yi tafiya ma bai san yana rubutawa ba, hannun ne ke yin abinsa.

Ya auri Rabi, suka kama ɗaki biyu a Wudil, suka haifi uku. Shekara tara yana yawo da takardunsa daga wannan ofis zuwa wancan. Yana da shekara talatin da uku aka yi sanarwar za a ɗauki ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa, da sharaɗin kada mutum ya haura talatin da biyar. Isyaku ya san irin wannan ɗaukar sai a yi shekara huɗu ko biyar ba a sake ta ba, ya kuma iya lissafi. In wannan ta wuce shi, ta wuce ke nan. Ba wani dogon buri gare shi ba. Yana son aikin da ba a korar mutum don ya makara ranar da ɗansa ya kwana da zazzaɓi, da kuma fansho in tsufa ya zo. Wata huɗu ya yi yana karatu, har Rabi ta fara yi masa tsiya wai ya fi yaran da yake koyarwa zama ɗalibi.

A wani makeken zaure aka yi jarrabawar a Kano. Takardar amsar irin mai 'yan da'irorin nan ce da ake cikewa da fensir, inji ya duba. Aka raba, aka ce a fara. Kafin Isyaku ya karanta tambayar farko hannunsa ya riga ya yi aikin da ya saba. Can wani mai sa ido, saurayi da bai kai shi shekaru ba, ya zo wucewa ya tsaya, ya ɗora yatsa a saman takardar ya ce a hankali, "Malam, goge wannan."

Isyaku ya ɗauki kilina. Ya kai ta kan rubutun, sai ya dakata. A ce farkon abin da zai yi a jarrabawar da rayuwarsa ta rataya a kai shi ne goge sunan Allah? Ya ce a ransa bari ya gama tukuna, in ya so ya goge a ƙarshe. Ya ajiye kilinar ya duƙufa. Tambayoyin suka zo masa kamar shi ya tsara su, daɗi ya ɗebe shi, yana kan sake duba ta tamanin da wani abu aka buga tebur aka ce kowa ya ajiye fensir. Sai da motarsu ta hau gadar Wudil sannan ya tuna.

Da sakamako ya fito bai ga sunansa cikin waɗanda suka ci ba, bai gan shi cikin waɗanda suka faɗi ba. Yana cikin jeri na uku, na waɗanda aka soke, an rubuta dalili a gabansa: alama a takardar amsa. Ashe a shekarun baya masu uwa a gindin murhu kan yi wani ɗan zane a takardarsu don na ciki ya gane ta, shi ya sa hukumar ɗaukar ma'aikatan ta kafa doka cewa duk rubutun da ya fita daga da'ira ya kashe takarda. Dokar tana bayan takardar tambayoyi, da Turanci, da rubutu ƙanana.

To, mutanen garinmu ba sa barin irin wannan ta wuce. Malam Garzali mai kemis, wanda majalisarsa ke cika kullum bayan la'asar, shi ya fara ɗaga murya. "An soke bawan Allah saboda ya rubuta sunan Ubangijinsa! A Kano! Muna raye!" Kafin kwana uku hoton Isyaku ya zaga wayoyi. Mutanen da ba sa amsa masa sallama suka koma ba shi hannu biyu. Ranar Juma'a aka jawo shi sahun gaba. Labarin ya zama wai cewa aka yi ya goge ya ce sai dai a kashe shi, a wani bakin kuma wai ba wanda ya ce masa komai, makirci ne kawai. Isyaku bai gyara ko ɗaya ba. Mutumin da ya shekara tara ana ce masa ya dawo gobe, yau ana tashi a ba shi kujera, abin ya yi masa daɗi, kuma wannan ne laifinsa na farko.

Duk hayaniyar nan ba ta samo lauya ba. Rabi ce ta samo. Tana zuwa kitso gidajen ma'aikatan jami'a, cikin waɗanda take yi wa har da Barista Rifkatu, matar wani malamin jami'ar, 'yar kudancin Borno mai Hausa kamar jakin Kano. Ta ji labarin kanta na kan cinyar Rabi, ta ce a turo mata shi.

"Malam Isyaku, maganar addini ku bar ta a majalisa," in ji ta. "Ni abin da zan gaya wa kotu shi ne an soke ka ba tare da an gargaɗe ka ba, ba a kuma ji ta bakinka ba. Akwai wani abu da ya faru a zauren nan da ban sani ba?"

Ya dubi ƙasa. Ya tuna sahun gaba. Ya ce, "Babu, Barista."

Ranar zaman farko bas biyu aka cika daga Wudil, har da kabbara a harabar kotu. Aka ɗage. Zama na biyu bas ɗaya, ita ma rabi. Zama na uku Malam Garzali ya aiko da gaisuwa, ya ce kaya sun iso masa. Daga nan sai Isyaku da jakarsa. Yau mai shari'a ya tafi taro, gobe ma'aikatan kotu na yajin aiki, jibi an yi wa mai shari'a sauyin wurin aiki sai a faro daga farko. Duk ranar da ya je Kano sai mai makaranta ya tare shi a bakin ƙofa washegari ya wanke shi tas a gaban ɗalibai. Haka aka ci shekara uku.

A shekara ta ukun Barista Rifkatu ta samu kotu ta ba da umarni a kawo takardar a duba ta da hannu. Aka duba. Tamanin da huɗu cikin ɗari, alhali da sittin aka ɗauki mutane. Isyaku ya fita bayan kotu ya yi kuka kamar yaro. Ran nan Rabi ta sa aka yanka zakara, ta aika wa Hansai nata a Achika. Abin da ya rage kawai ya shiga akwatin shaida ya faɗi nasa.

Ya yi alwala, ya riƙe Alƙur'ani ya rantse. Ya faɗi sunansa da garinsu da shekarar haihuwarsa, aka rubuta. Sannan lauyan hukumar ya miƙe, wani gajere mai yawan hamma, ya yi 'yan tambayoyi marasa kan gado. Har ya fara tattara takardunsa, sai ya juyo.

"Af, Malam. A zauren, akwai wanda ya ce maka ka goge rubutun nan?"

Isyaku ya dubi hannunsa, hannun da ya sauke Alƙur'ani yanzun nan. Ya kalli Barista Rifkatu, tana rubutu hankalinta kwance.

"Akwai."

Alƙalaminta ya tsaya.

"Ka goge?"

"Ban goge ba."

"Addininka ne ya hana ka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Cewa na yi sai na gama. Sai na manta."

Lauyan ya zauna yana murmushi. Daga baya shi da bakinsa ya gaya wa Barista Rifkatu cewa babu wannan maganar a rahoton kowa, mai sa idon ma ya bar aiki tuntuni, shi dai jefa tambayar ya yi don kada a ce bai tambayi komai ba.

Wata biyu bayan haka aka kori ƙarar. Mai shari'a ya ce abin tausayi ne, amma an gargaɗi mai ƙara ya ƙi ji, doka kuma ba ta san tamanin da huɗu ba. A bakin mota Barista Rifkatu ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce, "Gaskiyar da ka faɗa a ciki ba ita ta kashe mu ba, Malam Isyaku. Wadda ka hana ni ce. Da na sani da ta wata hanyar na bi." Ta ce ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne, ta ja motarta.

Da ya biyo ta majalisa da la'asar, Malam Garzali ko gyara zama bai yi ba. "Kai ma dai, Isyaku! Wa ya ce maka gogewa haramun ce? Allo ma ba wanke shi ake yi ba? Ka sa mun yi ta ihu a banza, ashe mantuwa ce." Wani daga gefe ya ce ai wautar ba a nan take ba, mutum ya ga aiki a hannunsa ya buɗe baki ya zubar. Aka yi dariya, har da masu kabbarar ranar farko. Ba wanda ya matsa masa a benci.

Shekara ta zagayo aka sake sanarwar ɗaukar ma'aikata, sharaɗin shekaru na nan yadda yake. Isyaku yana da talatin da bakwai. Kowa ya san yadda ake yi: ka je a buga maka takardar rantsuwar shekaru, ka zubar da biyar ko shida a bakin ƙofa. Rabi ce ta fara faɗa, tana tankaɗe ba ta dube shi ba. "Baban Khaulat, kowa fa yi yake yi. Yaran nan girma suke." Ya yi mako guda yana juya abin. Ranar Litinin ya je kotu, ya ɗaga hannu ya ce shekararsa talatin da biyu, mai hatimi ya buga ko kallonsa bai yi ba. Ya ninke takardar ya sa a jakarsa ya fito.

Ranar tantance takardu layi ya kai bakin titi. Ya yi awa huɗu a rana kafin ya isa tebur. Jami'in ya buɗe fayil, ya karanta sunan, ya ɗago.

"Isyaku Achika? Kai ne na shari'ar nan?"

Ya jawo durowa ya fito da kwafin hukuncin. Ashe hukumar ta buga shi da yawa, tana nuna wa masu sa ido a matsayin darasi. Ya buɗe shafin farko ya ajiye kusa da sabuwar takardar, ya bi layin da yatsa, ya yi lissafin da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"A nan ka rantse da Alƙur'ani, yau shekararka talatin da bakwai. A nan kuma ka rantse talatin da biyu. Malam, wace rantsuwar za mu ɗauka?"

Wani a layi ya ce, "Au, shi ne mai bisimillar?" Aka fara leƙe ana ɗaga wayoyi.

"Don kana da iyali ba zan kira 'yan sanda ba," in ji jami'in. Ya cire takardar rantsuwar ya jefa a durowa, ya turo masa sauran fayil ɗin. "Na gaba."

Na gaban kuwa Tasi'u ne, ɗan ƙauyensu, wanda yana aji shida lokacin da aka sa Isyaku aji ɗaya. Ya aske gemu tas don furfura. Ya kawar da kai kamar bai san shi ba, ya miƙa takardarsa mai cewa shekararsa talatin, jami'in ya buga mata hatimi ya ba shi lambar kujera.