Shekarar da Aka Yi Aji a Magazar Hatsina

Shekarun baya, lokacin da lekol ɗin unguwarmu a nan Matameye, wato makarantar boko, ba ta da ko ɗaki guda na siminti, iyayen yara suka ɗora ni shugaban kwamitinsu. Ba don karatu suka zaɓe ni ba, don ni ban yi nisa ba na gudu kasuwa, a can na tashi har na mallaki magaza tawa ta kaina, wato ɗakin ajiyar hatsi. Sun zaɓe ni ne saboda ina da baki, kuma shiga ofis ba ya sa ni rawar murya.

Shugaban makarantun firamare na yankinmu, wanda muke ce wa insifekta, na ga irinsu kala-kala. Na zamanin yarintata, da an ji ƙarar motarsa mushe, wato malamin lekol, da kansa ke ɗaukar tsintsiya. An yi wani a shekarun yajin aiki, ya ƙare zamaninsa yana lallashin malamai. An yi wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai a ce ya ce. An kuma yi wani mutumin kirki, mai fara'a, amma ko me ka kai masa sai ya ce a jira amsa daga Damagaram.

Duk cikinsu babu wanda ya taɓa matsalarmu ta gaske. Azuzuwanmu rumfunan kara ne. Damina ta ruɓar da su, gara ta ƙarasa. Ranar komawa lekol kuwa tana zuwa ne hatsi na tsaye a gona, babu sabon karan da za a yi rumfa. Sai yara su yi ta zaman gida, malamai su yi ta zaman gindin bishiya, ba a fara karatu sai sanyi ya shigo sosai. Kowa ya saba da haka, har ni.

Sai aka kawo mana insifekta mace. Ba ta jima ba ta aika wa kowace lekol da saƙo: duk wadda ba ta buɗe ba ranar komawa, za ta kwashe malamanta ta kai tsakiyar gari, inda yara suka yi wa malamai yawa. Daraktan lekol ɗinmu, wani dattijo mai sanyin hali, ya same ni a bakin magaza yana sharce gumi.

"Alhaji, an gama da mu. Wannan matar ba wasa take ba."

Na ce, "Mushe, kwantar da hankalinka. Duk wanda ya fara da tsawwala farashi, ragi yake jira."

Amma a raina na san abin da ke gabanmu. Idan aka ɗauke malaman nan, ba za su dawo ba. Yaranmu sai su tsallaka babbar hanya su bi ta tasha kafin su kai wata lekol, kuma na san iyayen unguwata: ƙanana da 'yan mata a gida za su bar su.

Na sa babbar rigata na ja darakta muka tafi ofishinta da maganata a shirye. Na yi gaisuwa, na ce, "Madam, ke baƙuwa ce, bari in gaya miki yadda ƙasar nan take. Kara ba ya samuwa sai an yi girbi."

Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Alhaji, ni ma a gidan manomi aka haife ni. Na san ba a yankan kara da hatsi a kansa. Amma gaya mini, da an yi girbi, washegari ake kafa rumfa?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Ba a kafawa. Maza suna sayar muku da hatsi, su ɗaure kaya su wuce Kano cin rani. A bar darakta yana bin tsofaffi gida-gida yana roƙon dami ɗaya. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya take ba. Ni ne ma nake sallamar su su samu na mota.

Ɗan kasuwa ba ya fita daga wurin ciniki hannu wofi. Nan take dabara ta faɗo mini. Kafin girbi magazata wayam take, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba, sai ɓeraye ke sintiri. Na ce, "To Madam, in wurin zama ne matsalar, ga magazata, ɗakuna ne manya masu rufin kwano. A buɗe lekol a ciki har a yi rumfa. Sai ki bar mana malamanmu."

Ta dube ni ta ce, "Har a yi rumfa ka ce?"

"Har a yi rumfa."

"Darakta, kai shaida ne. Na yarda. Amma daga ranar da aka buɗe, in aka rufe ko yini ɗaya don rashin wuri, maganata ta farko na nan."

Na fito ina baza riga. A hanya nake ce wa darakta, "Ka gani? Magaza wofi na ba ta, na karɓo malamai." Shi dai murmushi kawai ya yi.

Aka share magaza, aka jingina allo a bango, aka shimfiɗa tabarmi. Ranar komawa lekol yaran unguwarmu suka fara karatu rana ɗaya da 'ya'yan ma'aikata, abin da ba a taɓa yi ba. Ina zaune a waje kan benci ina jin suna rera baƙaƙe, mutane na wucewa suna sa mini albarka. Na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai.

Sai aka yi girbi.

Duk mai sana'ata ya san ribar shekara a farkon kaka ake kama ta, lokacin da hatsi ya cika kasuwa. Wanda bai saya ya adana a lokacin ba, sai ya yi kallo. Amalanke suka fara tsayawa a ƙofata, ni kuma babu inda zan zuba. Na jibge buhuna a waje, awakin unguwa suka samu wurin yini. Maiɗakina ta leƙo wata safiya ta ga ina bin wata akuya da sanda, ta ce, "Sannu da aiki, darakta. A kawo maka alli?"

Na koma wurin Madam. Na ce ko za a ba yara hutun 'yan kwanaki, ko a mayar da su gindin bishiya, kafin a samu kara.

Ta ce, "Alhaji, an yi rumfar?"

"Ba a yi ba tukuna."

"To ai kai ka yanka wa'adi, ba ni ba. Na ji ana cewa a kasuwar Matameye in ka ce ka sallama, ba ka dawowa."

A nan na gane wanda ya ci cinikin. Ta san darakta ba shi da abin da zai riƙe maza da shi, ita ma ba ta da shi. Sai ta ɗaure wanda hatsin kowa ke bi ta hannunsa, ta ɗaure shi da bakinsa. Wallahi dariya ce ta kama ni a tsaye a ofishin, ita ma ta yi.

Daga can wurin abokina na wuce, wanda shi ma hatsi yake saye, mu biyu muka fi kowa ɗauka a wannan gefen garin. Na ce masa daga yau duk mutumin unguwarmu da ya kawo hatsi, sai ya ɗoro damin kara a kan amalanken, ya kuma ba lekol safiya ɗaya kafin ya hau mota. In ba haka ba, kada in saya, kada ya saya.

Ya ce, "Kai aka kama, ni me ya yi mini zafi? In ka kore su, ni gaba ta kai ni."

Na ce, "Jikokinka nawa ne a cikin magazata yanzu haka? Gobe in turo maka ajinsu taka magazar?"

Ya yi tsaki ya ce, "Allah ya shirye ka. Na yarda."

Ba a ji daɗinmu ba a farko. Wani matashi da ya riga ya ɗaure jakarsa ya tsaya gabana yana huci.

"Baba Alhaji, hatsi na kawo maka. Yaushe ka zama mushe?"

"Tun ranar da ɗanka ya ƙwace mini magaza. Je ka kawo kara ka fitar da shi."

Mutane suka kwashe da dariya, shi ma bai san sanda ya dara ba. Kaɗan sun yi fushi sun kai nasu kasuwar Kance, ban hana su ba. Amma yawanci suka ga dami ɗaya bai kai wahalar tafiya ba, kuma matansu a gida sun tsaya musu a wuya, don sun ɗanɗana daɗin yara na tafiya lekol da safe. Kara ya taru a filin lekol har ya yi tudu. Aka haƙa ramuka, aka kafa dirkoki, masu saƙa zana suka zauna. Ban taɓa ganin mazan unguwarmu sun taru a wurin nan kafin tafiya cin rani ba sai shekarar.

Ranar da aka gama, yara suka ɗauki tabarminsu da allonsu suka fita a jere, buhunana suka shiga. Ba a rufe ko yini ɗaya ba. Madam ta zo ta zagaya rumfunan, ta girgiza dirka ɗaya ta ji ta kafu, ta ce wa darakta malamansa na nan. Ni kuwa kaka ta ɗan wuce ni a shekarar, na saya da tsada fiye da yadda na so. Ban mutu ba.

Haka muka ci gaba da yi kowace shekara har aka canza ta, har wanda ya gaje ta ya tarar da abin yana tafiya ya bar shi, har daga baya aka gina mana azuzuwan siminti. Na ga insifektoci bayanta, wasu sun fi ta iya jawabi nesa ba kusa ba.

Abin da na ɗauka daga wurinta shi ne, shugaba ba sai ya fi kowa ƙarfi ba. Ya dai san a hannun wa igiyar take, ya kuma sa aikin ya zama ciwon mai igiyar. Har yau da wannan nake tafiyar da harkokina. Kuma tun daga lokacin, duk wanda na yi ciniki da shi na ga ya ce ya yarda da sauri, ba na baza riga. Sai in tsaya in tuna me na faɗa.