Hoton da Shugaba Ya Ɗauki Baba

Shekara ashirin da shida babana ya yi yana ɗaukar hoto a fadar shugaban ƙasa. Shugabanni huɗu suka zo suka same shi a can. A fadar ba wanda ke kiran sunansa sai Ɗan Murmushi, domin abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara: "Ɗan murmushi, ranka ya daɗe."

Takalmi mai tafin roba yake sawa don kada a ji motsinsa. Nauyin jaka ya karkatar masa da kafaɗar hagu. Mama takan tsokane shi, wai duk ƙasar nan mijinta kaɗai ke ce wa shugaba "matsa can" ya matsa, amma a gida ko kaza ba ta jin maganarsa.

Ba ya kawo mana labarin fada. In muka dame shi da tambaya sai ya ce, "Ido na kai musu, ban kai kunne ba."

Cikin su huɗun, na uku ya fi shiga ransa. Dattijo ne, hannunsa na dama yana rawa. In za a sa hannu a takarda, Baba yakan jira har alƙalami ya zauna daram sannan ya ɗauka. Ba su taɓa yin zancen ba, amma dattijon ya lura.

Ranar da zai sauka daga mulki, da hantsi, an kwashe littattafai an ɗaure kwalaye, ofis ya zama wayam. Baba yana tsaye bakin taga yana jiran umarni, sai dattijon ya miƙo hannu.

"Kawo abin nan. Zauna a kujerar can."

"Ranka ya daɗe, ni?"

"Shekara takwas kana juya ni kamar yaron makaranta. Yau rana tawa ce. Gyara kafaɗar nan."

"Ba ta gyaruwa, ranka ya daɗe."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ɗaga kyamarar tana karkarwa a hannunsa, ya danna sau uku. Da ya mayar da ita sai ya riƙe hannun Baba, ya ce, "Na gode da jiran da ka riƙa yi mini."

Duk ukun sun fito dishi-dishi. Baba ya zaɓi mai dama-dama, ya wanke da kansa, ya sa a gilashi, ya kafa ƙusa a falo. Mama ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan kai ne ko labule?"

"Ni ne. Labulen yana daga dama."

Sai muka ga ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga. Mama ta hau kujera da kanta, ta daidaita hoton a bango.