Ranar da Kaka ta ƙwanƙwasa jirgi

Kakata ta wajen uba tukwane take sayarwa a unguwar London ta birnin Libreville, a wata rumfa da ke jingine da kantin babana. Tukwanen alminiyum ne, manya da ƙanana. Ba ta taɓa karɓar tukunya daga hannun maƙeri ba sai ta ɗaga ta kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Mai lafiya takan amsa da doguwar ƙara. Mai tsaga kuwa muryarta gajera ce, kamar tari. Haka take yi wa kujera, da kankana, har da ƙofar taksi kafin ta shiga.

Ta ruwa ta zo Libreville, tun babana yana goye a bayanta. Kwale-kwalen katako ne, ya taso daga gaɓar Najeriya. Ruwa ya yi ta shigowa ta wata tsaga, mata suna kwarfewa da kwanon abinci har Allah ya nuna musu tudu. Tun daga nan ba ta sake taka garinsu Damagaram ba.

Ina shekarar farko a jami'a aka bugo waya daga Damagaram. Yayarta ce tsufa ya kwantar, kuma kullum Kaka take tambaya. Babana ya ce zai sayi tikitin jirgin sama, gwaggona ta raka ta. Kaka ta ce atafau.

"Duk jirgin da na ji labarinsa a rediyo faɗowa ya yi," in ji ta. "Ka taɓa jin an ce ga wanda ya sauka lafiya?"

Babana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo limamin unguwa. Ta ba liman shayi, ta gode masa, ta koma kan tukwanenta. Sati ya wuce, muryar yayar a waya tana ƙara sirancewa.

Ni ba mai magana ba ne. Ko a aji in na san amsa, sai in bar wani ya faɗa. Amma da Kaka bakina yana buɗewa, don tun ina ƙarami "maigida" take kirana, ni kuma in ce ta yi mini tsufa. Sai na karanta duk abin da na samu a kan fiffiken jirgi, na zana mata shi da kibiyoyin iska, na hura takarda ta ɗaga a gabanta.

"Maigida, wannan takarda ce. Ni kuwa ka ga jikina."

Akwai wani tsohon jirgi a hanyar filin jirgin sama, a bayan wani gajeren shinge. An ɗora shi a kan ginshiƙan siminti, hancinsa ya ɗan ɗaga, kamar aka tsayar da shi yana shirin tashi. Farfela biyu gare shi, ruwan sama da iskar teku sun cinye fentinsa. Na sha wuce shi a taksi ina leƙe. Na tuna Kaka ba ta taɓa ganin jirgi kusa ba, sai ɗan ɗigo a sama mai ruri. Na ce mata ta zo mu je gani kawai.

"Zance za ka kai ni? Da wane aljihun?"

Ta dai yafa mayafi, ta ɗauki doguwar lemarta mai bakin ƙarfe. Ranar Lahadi ce da la'asar, an gama ruwa.

Da muka sauka ta daɗe tana kallo. Ta ce ya fi motar da ke kai katako tashar ruwan Owendo tsawo. Daga nan ta ce tana so ta ji muryarsa. Sai dai akwai soja a bakin ƙofar shingen. Na jera Faransancina a zuci, na isa gabansa, duk ya watse. Da ƙyar na ce kakata tana so ta taɓa jirgin, tana tsoron tafiya, 'yar'uwarta ba ta da lafiya. Ya dube ni, ya dube ta, ya yi dariya.

"Mama ta shigo. Amma kada ta tashi da shi, ni za a tambaya."

Hannunta bai kai cikin jirgin ba, don ginshiƙan sun fi ta tsayi. Sai ta miƙa lema ta buga. Ƙarar ta bi jikinsa har wutsiya. Wasu tsuntsaye suka fashe daga cikin injin. Ta matsa ƙarƙashin fiffike ta sake bugawa, ta karkata kai, ido a rufe. Ta zagaya shi kaf. A wani wuri kusa da taya ƙarar ta mutu, tsatsa ta zubo mata a mayafi. Na ce shi ke nan, na ɓata komai.

Ta kakkaɓe mayafin. "Tambaye shi, a ina wannan ya faɗo?"

Na tambaya. Sojan ya ce bai faɗo ba. Ya yi ta kai mutane cikin daji yana dawowa da su, har ya gaji, aka ajiye shi.

Na fassara mata. Ta sa na maimaita.

"Tsufa ya yi?"

"Tsufa ya yi, Kaka."

"Ashe jirgi yana tsufa." Ta ɗaga kai tana duban cikinsa, duk faci da ƙusoshi. "Ikon Allah. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ƙafa ta ƙi."

Halina na son gyara bai bar ni ba. Na ce mata gaskiya ba irin wannan za ta shiga ba, nata sabo ne, ba shi ma da farfela.

"Kai dai ka cika gyara. In tsoho ya kai haka, yaro zai kasa?"

Muka hau taksi muka koma unguwa. Da muka isa ta wuce kantin babana, ta tsaya a ƙofa, ta ce ya sayi takardar, amma kujerarta ban da bakin taga.

Gwaggona ce ta ba mu labarin sauran. Wai a ƙofar shiga Kaka ta tsayar da layi, ta ƙwanƙwasa jikin jirgin da bayan yatsa, ta saurara, sannan ta yi bismilla ta sa ƙafar dama. Suka sauka Yamai, suka hau mota.

Da wayar ta zo muna cin abincin rana. Muryoyi biyu ne na tsofaffi, suna magana a tare, suna musu a kan wacce ta fi furfura. Can Kaka ta ce a ba ta maigida.

"Na same ta zaune," ta ce. "Har ta ci tuwo. In ka bi ta wajen tsohon nan, ka gaishe shi."