Hannun Abass na Gilashi

Abass mutumin Zangon Koforidua ne a ƙasar Ghana, kuma da narka kwalba ya tashi. A gidansu daka fasassun kwalabe ake yi su zama gari, a zuba a mazubin yumɓu, a soka karan rogo a tsakiya, a tura tanderu. Karan ya ƙone ya bar huda, dutsen wuya ya fito. Hannunsa ya san yumɓu sarai: abu ne mai sanyi, ka danna ya karɓa, ka janye ya sake ka.

A 2017 wannan hannun ya kai shi Dubai, wani shago a Ras Al Khor inda ake zubin kwanuka da fitilun gilashi. Maigidan mutum ne mai zaƙin baki, kowa habibi ne, wato masoyi, a wurinsa muddin tanderu na ci. Wata rana ya kama hannun daman Abass yana jujjuyawa kamar mai tayin doya, ya ce wannan tabon wuta da jijiyoyi abin sayarwa ne, a ɗauki siffarsa a zuba da gilashi.

Abass ya ji daɗi, bawan Allah, har ya buga wa matarsa Adizatu waya ya faɗa mata. Sai dai a shagon ba a taɓa ɗaukar siffar jikin mutum ba. Ya kwaɓa garin filasta a bokiti, irin farin nan da ake silin da shi, ya tsunduma hannu har wuyan hannu, yadda zai yi da yumɓun gida. Filasta kuwa in ta fara daskarewa zafi take ɗauka, kuma ba ta saki.

Da farko ɗumi ya ji, yana dariya. Can ya ja, hannu ya ƙi fitowa.

"Masta, yana cina," ya ce. "Wuta ce a ciki."

Clement, wani ɗan Kafanchan da suke aiki tare, ya ɗauko guduma da gudu. Maigidan ya riƙe hannun Clement.

"Shwaiya, shwaiya, a hankali. Za ka lalata mazubin. Kawo zarto."

Haka aka raba filastar biyu a tsanake, Abass na durƙushe yana salati. Mazubi ya fita lafiya lau. A asibiti aka yanke masa yatsu uku.

Da ya koma shagon, hannun gilashin na kan kanta, kore shar, fitila na haska shi, an ma fara odar wasu. Maigidan ya rungume shi, sannan ya ce biza ta kusa ƙarewa, kuma mai yatsa biyu ba ya riƙe awartaki. Khalas, wato aiki ya ƙare.

Abass bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba da haushi ke nan. Ya roƙi a bar shi ya ɗauki hoton hannun, don Adizatu ta ga yadda hannunsa yake a da. Maigidan ya nuna masa allon da ke bango: an hana ɗaukar hoton kayan shago.