Malam Mounkaila Ya Bi Ɗansa Tsinkar Inabi

Malam Mounkaila maƙwabcina ne a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin garin Tawa ne, tare suka yi aikin lodin kaya da marigayi maigidana. Ko alewa ba ya saya wa yara sai ya sa tabarau ya karanta abin da aka zuba a ciki.

Shekarar da ɗansa Youssouf ya cika sha shida, yaron ya ce zai bi abokansa aikin tsinkar inabi a ƙauyukan arewa da Lyon. Malam ya bincika, aka gaya masa can in an zauna cin abinci kwalbar giya ake direwa, babba da yaro kowa da kofinsa. Bai hana ba. Hutu ya ɗauka, ya ce shi ma za shi.

Hassia matarsa ta ce, "Malam, da wannan bayan naka?"

"Bayan nawa ne, ɗan ma nawa ne."

A tebur tsakanin yaron da kwalba yake zama. Mai gonar, wani tsoho mai jan hanci, ya yi ta yi masa bayani: su a gaban iyaye suke ɗanɗana wa yaro, don kada ya je ya koya a ɓoye. Malam ya kira shi yadda ake kiran dattijo da yaren ƙasar, ya ce, "Mushe, naka ne wannan? To ɗanɗana wa naka."

Hassia ce ta ba ni labari. A raina dai na ce, kofi guda yake tsaro, ga shi da hannunsa yake tsinko inabin da ke cika musu gangar giya. Allah Ya yafe mana.

Ranar walimar gama aiki bayan Malam ya riƙe. Aka shimfiɗe shi bisa benci, yana hangen tebur, tashi ya gagara. Yana kallo tsohon ya cika kofi ya miƙa wa Youssouf. Malam ya yunƙura, sai salati.

Youssouf ya ce, "Na gode, Mushe, ba na sha." Ya jawo ruwa.

Da ya zo ɗaga uban, Malam ya ce, "Kai, don ka ga ina kallo ne?"

"Baba, tun bara ake miƙo mini a bayan lakwal, in an tashi daga karatu. Ba na karɓa."

"Shi ne ba ka faɗa ba, ka bari na karye a gonar mutane?"

"Ka tambaye ni?"

Har yau a karkace yake zuwa masallaci, amma da fara'arsa.